Turaren Sheƙar Ngudo

A gidanmu da ke unguwar Shehuri a Maiduguri baƙuwa ba ta fita sai an turara ta. Ko wuta ta zo ɗiba, sai an tura mata kasko ƙarƙashin zane, ta tsaya hayaƙi ya ratsa ta, sannan a raka ta zaure. Turaren wuta da humra su ne sana'ar gidan tun zamanin kakar kakata, kuma Kaka Kaltum ta ce abin kunya ne mace ta fito daga gidan masu turare tana warin titi. Da wannan al'ada na tashi, da ita kuma na kusa kashe ƙawata.

Sunana Mu'mina, shekarata goma sha shida a lokacin. Ketura kuwa bencinmu ɗaya tun ajin farko na sakandare. Iyayenta mutanen Biu ne, babanta malamin asibiti, mamanta tana koyar da waƙa a cocinsu. Yarinya ce mai kirki, amma Allah ya ba ta baki, ba ta ganin abu ta ƙyale.

Wata Asabar ce cikin watan Afrilu, irin ranakun da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka ƙasa. Ta zo mu yi bitar jarrabawa, muka yi shafi biyu zafi ya kore mu. Kaka ta tafi unguwar Dala gaisuwar mutuwa, mahaifiyata tana shago, gida daga ni sai ita. Da ta tashi tafiya na hura gawayi na kawo kasko kamar kullum, sai ta yatsine fuska.

"Mu'mina, turarenku fa duk ɗaya ne," in ji ta. "Wanda Mama take saya a Monday Market ma ya fi shi daɗewa a jiki."

Wasa take yi, na sani sarai. Amma a gidanmu a zagi mutum ya fi sauƙi a kan a raina turarensa. Na ce mata ta tsaya nan kar ta motsa, na shiga ɗakin Kaka, na taka kujera.

A saman wadirob, bayan kwanonin aurenta, akwai wata baƙar kwalba da aka ɗaure bakinta da fata. Tun ina ƙarama abin da aka taɓa gaya mini game da ita bai wuce kalma uku ba: kar ki taɓa. Har yau ina jin haushin manya a kan wannan hali nasu. Su hana ka abu, su ɓoye dalili, in ka yi ɓarna kuma su ce ba ka jin magana. Ni dai na ɗauka turaren amaren masu kuɗi ne Kaka take rowarsa.

Da na kwance fatar ban ga abin kirki ba. 'Yan ɓaraguzan itace ne masu launin toka, ba sukari, ba mai, ba komai. Na ɗebi kaɗan na zuba a garwashi. Hayaƙin bai tashi sama ba, ƙasa ya bi yana rarrafe. Ƙamshinsa kamar na ruwan farko a busasshiyar ƙasa, can bayansa da ɗan ƙarnin ɗanyen kifi, sannan wani zaƙi da ban san sunansa ba. Na tura kaskon ƙarƙashin siket ɗin Ketura, na lulluɓe ta da gyalena har ka, na fita ɗebo mata ruwan sha. Da na dawo na yaye gyalen, bakin nan nata ya mutu.

"To, na janye," ta ce a hankali. "Wannan kam ba na kasuwa ba ne."

Na raka ta bakin titi ina ta fankama, ta hau keke mai ƙafa uku ta tafi. Ko minti goma ba a yi ba Kaka ta dawo. Tun daga zaure na ji jakarta ta faɗi ƙasa. Ta shigo tana buɗe hanci, takalmi ɗaya a ƙafa, fuskarta ta yi fari fat. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Kaka ba sai ran nan, kuma shi ya fara kashe mini jiki tun kafin ta yi magana.

"Wa kika turara?"

"Ketura."

"Tana ina?"

"Ta hau keke, Kaka. Ɗan kaɗan fa na ɗiba."

Ba ta mare ni ba, da ta mare ni da ya fi mini. Ta kama kafaɗuna ta yi magana da sauri, rabi Hausa rabi Kanuri. Ta ce itacen sheƙa ne. Can cikin Tafkin Chadi akwai wata tsuntsuwa, iyayenmu Ngudo kawai suke ce mata, wato tsuntsu, don ba wanda ya yarda ya raɗa mata suna. Idonta ba ya gani sosai, da hanci take gane ɗanta. Duk wanda hayaƙin itacen sheƙarta ya kama jikinsa, a wurinta ɗanta ne ya faɗo, sai ta ɗauke shi ta mayar. Matan gidanmu na da, da gangan suke turara kansu ta ɗauke su, su karyo itacen su dawo. Ɗan mitsitsi ake sawa a babbar tukunyar turare, ba a taɓa ƙona shi zalla sai don kiran ta.

"Da bazara a kan garin nan take shawagi, can ƙololuwa," in ji Kaka. "Wa yake ɗaga kai da tsakar rana a Maiduguri?"

"In ta kai ta sheƙar fa?"

"Za ta yi ta ba ta kifi. Kwana biyu, ko uku. Ran da ƙamshin ya bar jikinta kuwa, baƙuwa za ta tarar a sheƙarta."

Na kira wayar Ketura. Ta ɗauka tana dariya, wai mai keke ya tambaye ta sunan turaren zai saya wa matarsa. Na ce ta sauka ta faɗa kowane gida ta gani, ta rufe ƙofa. Ta ce, "Me kika ce? Iska ta yi yawa, ba na ji." Sai na ji wata ƙara kamar ana yage kwanon rufi, na ji Ketura ta kira sunan Yesu sau ɗaya, wayar ta bugi wani abu. Can sai muryar namiji, yana salati yana sarƙewa.

"Wace ce? Ke 'yar'uwarta ce? Wallahi wani abu ne ya sauko ya yage rufin keken. Ya tafi da yarinyar. Sama ya yi da ita, wallahi sama!"

Na durƙushe a tsakar gida. Kaka kuwa ta riga ta shige ɗaki, ta jawo wata doguwar gora daga ƙarƙashin gado. Na sha ganin gorar nan, na ɗauka ta share yana ce. Ashe a bakinta akwai ɗan kaskon ƙarfe mai murfi da huji-huji, an ɗaure shi da waya.

"Ba ta yi nisa ba," ta ce. "In ta ji ɗa na biyu za ta juyo."

Ta nufi tsanin da muke hawa soro mu shanya itace. Ta taka matakala ta farko, ta biyu, gwiwarta ta ƙi. Ta sake gwadawa ta zame, sai da na tare ta. Rabonta da hawan Ngudo tun kafin a haifi babana. Ta zauna a ƙasa ta dube ni, hawaye yana bin tsagar fuskarta. Ina so in yi ƙarya in ce zuciyata ta dake, amma gaskiya fitsari ne ya matse ni, kuma da akwai wani a gidan da zan tura da na tura shi.

"Ki gaya mini yadda ake yi," na ce.

Ta ɗauko tsohuwar laffayarta mai kauri, ta ce ita ta fi riƙe hayaƙi. Ta naɗa mini a kan kayana, ta ƙulla ta a kafaɗa, ta tsayar da ni a kan kasko har sai da na yi tari idona ya yi ja. Ta cika ɗan kaskon gorar da garwashi. Abin da ya rage a kwalbar ta kasa uku, ta ƙulle mini a bakin ɗankwali.

"Ƙafafunta a cike suke, don haka wuya za ta miƙo miki, ki hau. Ki sa hayaƙi gaban hancinta. Kika kai shi dama ta yi dama, kika yi ƙasa da shi ta sauka. Ba ta buɗe ƙafa sai a sheƙa ko a kan ruwa. Ki kai ta kogin Ngadda, ƙasan gadar Gwange, akwai gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa. Cikinta na kusantar ruwa za ta saki yarinyar ta tsoma ƙafa. Kina ji na? Kar ki bari ta miƙe gabas."

Na hau soro ni kaɗai. Rana tana tsakiyar ka, ƙasan soron yana ƙona tafin ƙafata. Unguwa tsit, kowa ya shige inuwa, sai rediyon wani maƙwabci. Na tsaya ina kallon sama har idona ya fara ganin duhu-duhu. Sai iska ta taso daga sama, ba daga gefe ba, ta danne ni na durƙusa, rana ta ɓace.

Fukafukanta sun rufe gidanmu da na maƙwabta biyu. Launin toka ce, gashin wuyanta a cukurkuɗe, bakinta ya kai tsawon kwalekwale. Idanunta ƙanana ne, fari-fari kamar na tsohon da yana ta rufe wa ido, amma ƙofofin hancinta sai in zura hannu har gwiwa. Ba ta sauka ba. Ta tsaya a iska tana kaɗa fukafukai, ƙafafunta suna reto a sararin tsakar gidanmu, kuma a cikinsu na ga Ketura. Yatsu sun zagaye ta daga ƙirji zuwa cinya, kanta ya langaɓe. Kaka ta miƙe tana ɗingishi, ta yi tsalle irin na tsofaffi, yatsanta ya taɓa takalmin Ketura, iyakar abin da ta iya ke nan.

Ngudo ta ɗora wuyanta a kan katangar soro, ta kawo hanci ta shinshina ni. Numfashinta zafi, ƙarni kamar kasuwar kifi. Ta yi wani ɗan gurnani a maƙogwaro, mai taushi, irin na kaza in ta ga tsakonta. Wannan ya fi komai ba ni tsoro. Na rufe ido na yi bisimilla, na dafa wuyan na haye, na zame har inda ya haɗu da kafaɗu, na cusa ƙafafuna cikin gashi.

Tashin da ta yi, cikina ya zauna a soro ni na yi sama. Na ƙanƙame gashinta da hannu ɗaya, gorar a ɗayan, na kwantar da fuska ina ihu ba tare da na san ina yi ba. Da na buɗe ido gidanmu ya zama ɗan akwati. Ga fadar Shehu, ga layukan dalbejiya kore shar, ga kekuna rawaya suna rarrafe a titi. Ta naɗe wuyanta kamar zalɓe, kanta ya dawo kusa da ni, bakinta ya miƙe gabas.

"Ketura!" na ƙwala. "Ketura, kina ji na?"

Na sake kira har muryata ta fashe. Sai can daga ƙarƙashin cikin tsuntsuwar na ji wata 'yar murya.

"Mu'mina? Ke ce? Ina kike?"

"Ina sama, a bayanta. Kar ki motsa."

"Ba na iya numfashi. Mu'mina, mene ne wannan?"

"Turaren ne. Laifina ne. Ki yi shiru kar ki ɓata numfashinki, zan sauke ki."

Buɗe murfin kasko a sama da hannu ɗaya ba abin da zan so wa maƙiyina ba ne. Na matse gorar a hammata, na jawo bakinta, murfin ya ƙona mini yatsu, na zuba kashi na farko. Na tura gorar gaba har kaskon ya wuce hancinta, na karkata shi dama. Ta ja numfashi, jikinta duka ya karkata, har ƙafata ɗaya ta fita daga cikin gashi na ga ƙasa tsaye a gefena. Amma ta juya. Wallahi ta juya, kamar akuyar da aka nuna wa dusa.

Na bi da ita kan Gwange ina neman gadar. Na same ta, na yi ƙasa da gorar, muka fara sauka. Sai na ga abin da ke ƙarƙashin gadar, na ji kamar in fashe da kuka. Yashi ne fari tas. Masu bulo sun jera bulonsu a inda Kaka ta ce gurbi ne, wani ya shanya barkono, ga tulin shara yana hayaƙi. Ruwan da ke wurin bai isa wanke keke ba. Gurbin Kaka ya ƙafe tun ban zo duniya ba, ita kuwa tana nan da shi a kanta cike da ruwa. Ni da nake wucewa ta gadar nan kullum na fi ta sani, tsoro ne ya hana ni tunani.

Hayaƙin kashin farko ya ƙare. Ngudo ta yi wata ƙara mai kama da jan ƙarfe a kan siminti, masu bulo suka watse da gudu, ta sake yin sama ta miƙe gabas. Saura kashi biyu. Iska kuma tana cin gawayin da sauri, ina ganin tartsatsi yana fita ta hujin murfi.

Ruwa ɗaya na sani da ba ya ƙafewa da bazara, madatsar ruwa ta Alau. Sau ɗaya aka taɓa kai mu daga makaranta, a mota, kuma ban san hanyarsa ta sama ba. Na dai san ta hanyar Bama ake bi. Na nemo titin da ido, na zuba kashi na biyu, na karkata gorar dama na riƙe ta a haka. Gorar ta fara yi mini nauyi kamar taɓarya. Muka wuce jami'a, muka wuce ramin da aka haƙa aka zagaye gari. A shingen sojoji na ga mutum biyu sun fito daga rumfa sun ɗaga kai, ɗaya ya ɗaga bindiga. Na ja laffaya na rufe fuska, sai ka ce zane zai tare harsashi. Ban ji harbi ba. Wataƙila shi ma bai yarda da idonsa ba.

"Ketura, yi magana!"

"Ina nan." Muryar ta ƙara yin ƙasa. "Ƙafafuna sun mutu."

"Kin iya ruwa, ko? Kin ce a kogin garinku kika koya."

"Na iya." Sannan ta ce, "Kar ki gaya wa Mama yadda aka yi. Ki ce mota ce."

"Rufe mini baki! Ke za ki gaya mata da kanki."

Ina faɗa ina kuka, majina da hawaye iska tana mayar mini da su cikin kunne. Sai ga shi can gaba, wani farin abu yana ƙyalli tsakanin gonaki. Kashi na biyu ya mutu tun ba mu kai ba, ta fara karkata hagu. Na buɗe murfin. Garwashi uku suka rage, ƙanana, duk toka ta rufe su. Na hura, na zuba na ƙarshe, na roƙi Allah da duk addu'ar da na iya har da ta shiga banɗaki, don ita ta fara zuwa bakina.

Ya kama. Na kai ta kan ruwan, na yi ƙasa da gorar. Muka sauka, muka sauka, har na fara ganin kwalekwalen masunta da gorunan duma da suke ɗaure raga. Ruwan ya matso. Saura kamar tsayin dalbejiya ɗaya cikinta ya taɓa shi, sai hayaƙin ya yi siriri, ya yanke. Na girgiza gorar, toka kawai ta zubo.

Ngudo ta daina sauka. Ta wuce a miƙe a kan ruwan, na ji tsokar kafaɗunta tana tattaruwa a ƙarƙashina, za ta buga fukafukai ta tashi. Gaɓar can tana tahowa, bayanta kuwa daji ne har Tafki. Ba ni da wuta, ba ni da itace. Ketura ta daina amsawa.

Ba dabara na yi ba, kar wani ya yabe ni. Abu ɗaya ne kawai ya faɗo mini: tsuntsuwar nan ta juyo tun daga nesa saboda ɗa na biyu, ba za ta bari ya faɗi tana ji ba, kuma ba ta da abin cafe shi sai ƙafafun nan. Na saki gorar. Na zare ƙafafuna daga cikin gashin. Jikina ya ƙi, sai da na yi masa tsawa a zuci kamar yadda Kaka take yi mini. Na mirgina ta gaban fiffikenta na dama na faɗa.

Na ji ihunta a kaina. Na ga ƙafafun sun buɗe, na ga Ketura ta sulale ta yi ƙasa, siket ɗinta ya buɗe, ruwa ya tashi fari. Ban kai ga ruwan ba. Wani abu ya buge ni a haƙarƙari, numfashina ya ɗauke, na tsaya cak a iska ina reto. Ta cafe ni.

Sai dai ba ta kama ni yadda ta kama Ketura ba. Cikin gaggawa ta cafo, faratanta suka nutse cikin laffayar ta baya, ɗaya ya karce ni daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ina rataye a cikin zanen Kaka, fuskata tana kallon ruwa, ruwan kuma yana nisa. Tana ta gurnanin nan mai taushi, ta sami ɗanta. Na leƙa inda Ketura ta faɗa, ban ga komai ba sai zobban ruwa suna faɗaɗa.

Ƙullin yana kafaɗata ta hagu, nauyina ya ƙara tsuke shi. Na sa farce, farcen ya karye. Na juya kai na kama shi da haƙori, na ja, na ja, har na ji gishirin jini a bakina. Gaɓa ta kusa shigowa ƙarƙashina. Ya saki. Laffaya ba ɗinki gare ta ba, naɗi ce, sai ta fara warwarewa tana juya ni, sau ɗaya, sau biyu, na ga sama, na ga ruwa, na ga sama, sannan ba abin da ya riƙe ni.

Ruwan ya mare ni kamar an buga mini faranti a baya. Na nutse, ƙafata ta taɓa laka, na yunƙura. Ni ban iya ruwa ba ko kaɗan, Allah ya sa kusa da gaɓa na faɗa, ya tsaya mini a wuya. Na yi ta tari ina amai. Can sama Ngudo ta miƙe gabas, laffayar Kaka tana kaɗawa a ƙafafunta, ta rungume ta tsam.

"Ketura!"

Ba kowa. Ruwa shimfiɗe, rana tana dukansa. Na kutsa ciki har ya kai mini haɓa, na kira, na sake kira. Na tuna mamanta, yadda take zuba mini abinci a kwanon da ta keɓe mini don ta san ba kowane nama nake ci ba. Me zan je in ce mata?

Sai na ga wani gora na masunta yana matsowa, a hankali, ba tare da iska ba. Hannu ne a kansa. Bayan hannun ga kai. Tana tura ruwa da hannu ɗaya, ƙafafun ba sa taimaka mata, tana nutsewa tana tasowa. Na miƙa hannu iya tsawona na kamo yatsunta, na ja ta har inda muka iya zama a cikin laka, ruwa iya ƙirji.

Leɓenta ya fashe, in ta ja numfashi sai ta runtse ido ta dafe haƙarƙari. Na kai hannu zan rungume ta, ta ture ni. Ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba, na sunkuyar da kai. Na fara cewa ta yafe mini, ban kai ƙarshe ba ta matso da hancinta kusa da kaina ta shinshina.

"Yana gashinki," ta ce. "Har yanzu yana nan."

Muka ɗaga kai tare. Can gabas ɗigon bai ɓace ba tukuna, kuma ban iya gane ko tafiya yake ko juyowa ba. Ketura ta dulmiya kanta cikin ruwa ta cuɗa nata gashin da laka, ta taso tana nishi. Sannan ta fizge ɗankwalina ta cusa shi ƙarƙashin laka, ta kama kitsona ta fara tsefewa, tana ɗebo baƙar laka mai wari tana cusa mini har fatar kai. Tana yi tana kuka, ni ma ina yi, ba mai kallon wata, duk idonmu yana sama.

"Ketura, don Allah ki ce wani abu."

"Sunkuya," ta ce. "Saura bayan kunne."